Har Zuwa Bakin Ruwa

Takardar da Eino ya bar mini a akwati
ta tsufa, ta yi ja, ninkinta ya fara yagewa,
amma layi ɗaya bai dushe ba:
filin Koskela ya tashi daga titi
ya gangara har zuwa bakin ruwa.

To, ina ne bakin ruwa?
Shekarar aurenmu yana can, bayan baƙin dutse.
Shekarar da na binne Eino ya zo ya lashi matakala.
Tafkin Superior bai taɓa tsaya wa safiyo ba,
bai san fegi ba, bai iya sa hannu ba,
iyakata kullum tana cikin kaiwa da komowa.

Sai ga Garrett, jikan Niemi mai ɗinkin raga,
da babur mai ƙafa huɗu, ja, sabo fil,
ƙarfe shida na safe, gahawata ko hucewa ba ta yi ba,
yana huɗa yashi kamar gonar ubansa.
Ciyawar da na dasa don ta riƙe mini tudu,
tsiro ɗari uku, gwiwoyina shaida ne,
ta kwanta a sawun taya.
Ƙwai huɗu na 'yar tsuntsuwar gaɓa kuwa,
ɓawo na tarar, da gwaiduwa tana bushewa.

Na kafa allo. Ya kewaye shi.
Na kafa na biyu. Ya tsaya, ya cire hular kwano:
"Madam Arlene, jiƙaƙƙen yashi na kowa ne.
Nan kakana ke jan kwalekwalensa
tun ba a haƙa harsashin gidanki ba."
Na ce, "Da ƙafa kakanka ya zo, igiya a kafaɗa.
Tafiya daban, taya daban."
Lauyana ya ce ni ce da gaskiya. Nasu ya ce su ne.
Abu ɗaya suka yarda a kai: kuɗin aikinsu ya yi ta hauhawa.

Ran sha tara ga Nuwamba iska ta taso daga arewa.
Na sauka in ceci allona.
Ƙanƙara a kan dutse. Ƙugu ya ce ƙas.
Na kwanta daidai inda muke shari'a a kai,
rabin jikina a nawa, rabi a na kowa.

Motar asibiti ta cije a titi, yashi ya hana ta sauka.
Haƙorana na kaɗawa, na fara kiran sunan Eino,
sai na ji ƙarar nan da na tsana tana matsowa.
Yaron bai ce komai ba.
Ya tuɓe rigar sanyinsa ya naɗe ni,
ya ja babur a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.
Duk da azabar, idona biyu:
na ga ya kauce wa ciyawar wajen hawa.

A Afrilu aka kira taron gari.
Na je da sandar ƙarfe, ya riƙe mini ƙofa.
Aka ce masu son a hana babura a gaɓa su ɗaga hannu.
Na ɗaga, har kafaɗata ta amsa.
Ya dube ni. Da aka zo kansu ya ɗaga nasa.
Talatin da takwas, talatin da takwas.
Shugaban taro ya sosa ƙeya, ya ɗage sai baɗi,
aka tashi ana neman makullan mota, ana gaisawa.

Sanyin bana tafkin ya ƙara cin taku shida.
Bai nemi izinina ba, bai nemi na Niemi ba.
Allon da na karye dominsa
a gindin kwalekwalensu ya je ya yada zango.
Jiya Garrett ya kawo shi, da ƙafa,
ya jingine a bango, tare da damin itace.
Gobe in gwiwa ta yarda zan sauka da guduma,
in na gano inda zan kafa shi,
don har yanzu ina neman bakin ruwa.